Jeju: Matan da ke nutso da numfashi ɗaya sun tsufa, tekunsu kuma na komawa hamada

A tsibirin Jeju da ke kudancin ƙasar Koriya ta Kudu, akwai wata sana'a da mata suka riƙe ɗaruruwan shekaru, wato shiga teku da numfashi ɗaya tak. Daga bakin gaɓa suke faɗawa ruwa, su yi iyo zuwa inda baƙaƙen duwatsu ke shimfiɗe a ƙarƙashi, su nutse mita biyar zuwa goma ba tare da tukunyar iska a baya ba, su ɓamɓaro abin da za su kai kasuwa, su taso. Sunansu henyo, ma'ana matan teku. Ga mai son ganin hotunansu a intanet, haenyeo ake rubuta sunan.

Da wannan aiki suka ci da gidaje, suka sayi gonaki, suka biya wa ƴaƴa kuɗin makaranta. A shekarar 1965 yawansu ya haura 23,000. A ƙarshen 2023 alƙaluman hukumar lardin Jeju sun nuna saura 2,839 ke shiga ruwa, karo na farko da adadin ya faɗo ƙasa da 3,000, kuma kusan shida cikin kowace goma sun kai shekara 70 ko sun wuce. Bayan tsufa akwai wata matsalar. Duwatsun da suke nutso a kansu, waɗanda a da ciyawar teku ta lulluɓe kamar kurmi, yau da yawansu sun yi fari fat, abin da ƴan Koriya da kansu ke kira kwararowar hamada a teku.

Tsibirin dutse, iska da mata

Aman wuta ne ya samar da Jeju. Faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 1,850 ba, mutanensa kuwa wajen dubu 670 ne. A tsakiyarsa dutsen Halla yake, mai tsawon mita 1,947, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Koriya ta Kudu. Ƙasar tsibirin tsakuwa ce da baƙin dutse mai rami-rami, ba ta riƙe ruwa. Ko an yi sama kamar da bakin ƙwarya, nan da nan ruwan ke tsiyayewa ƙasa. Shi ya sa shinkafar da sauran ƴan Koriya ke nomawa ba ta yi a nan sai a wurare ƙalilan. Sha'ir da wani ɗan ƙaramin gero su ne cimakar mutanen da, kuma abin da gona ta kasa bayarwa, a teku ake neman cikonsa. Ƴan ƙasar na cewa abu uku ne ya yi wa Jeju yawa: dutse, iska da mata.

Dutsen da ya hana noma, shi ne kuma arzikin gaɓar. Narkakken dutsen da ya gangara cikin ruwa ya daskare, ya bar shimfiɗa mai koguna da tsaga-tsaga kewaye da tsibirin, a inda ruwa ba shi da zurfi sosai. Hasken rana na kaiwa can, ciyawar teku kuma na samun abin kamawa. Ruwan ba shi da ɗumi irin na Kwatano ko Lome. Da ɗari yakan sauka wajen digiri 14, lokacin zafi yakan haura 25. Irin wannan tsaka-tsakin yanayi manyan ciyayin teku masu launin ƙasa-ƙasa ke so, kuma a cikinsu ne halittun da henyo ke nema suke kiwo.

Da farko ba aikin mata kaɗai ba ne. A zamanin sarakunan Joson, maza ke nutso su kamo abalon, wani dodon koɗin teku mai faffaɗan ƙoƙo da fadar sarki ke karɓa a matsayin haraji. Harajin ya yi nauyi. Teku ya ci wasu, wasu kuma suka tsere zuwa babban yankin ƙasar. A 1629 fada ta hana mutanen Jeju barin tsibirin, dokar da ta yi kusan shekara 200 tana aiki. Da mazan da ke nutso suka ragu, nauyin ya koma kan matan da a da ciyawar teku suka fi yanka, kuma zuwa ƙarni na 18 sana'ar ta zama tasu. Mace za ta yi nome da safe, in lokacin ruwa ya yi ta aje fartanya ta nufi gaɓa, ta dawo ta ɗora tukunya. Daga nan aka samu wani karin magana mai ɗaci a tsibirin, cewa gara a haifi mutum saniya da a haife shi mace.

Gora, raga da ƙarfe

Kayan aikin ba su da yawa. Na farko shi ne tewak, abin da ke yawo a saman ruwa, mace ta rungume shi ta huta tsakanin nutso da nutso. A da da busasshen duma ake yin sa, tamkar gorar da masuntan Argungu ke hawa. Yanzu da soso mai tauri ake yi, a naɗe shi da ƙyalle launin lemu don jiragen ruwa su hango shi daga nesa. A ƙarƙashinsa ake rataya raga, inda ake zuba abin da aka kamo. Sai bitcang, wani ƙarfe mai faɗin baki da igiyar da ake ɗaurawa a wuyan hannu, da shi ake ɓamɓare abalon daga jikin dutse. Akwai ƙugiya ta zaƙulo abin da ya ɓuya cikin rami, da gilashin fuska, da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, da ɗamarar darma da ke taimaka wa jiki ya nutse. Kafin su shiga ruwa sukan goge gilashin da wani ganye ɗan uwan tazargade, don kada ya yi hazo.

Abin da suka fi samu shi ne wani dodon koɗi mai ƙahonni da ake kira sora, wanda aka daɗe ana fitar da mafi yawansa zuwa Japan. Akwai bushiyar teku, wadda ake fasa ƙayayuwanta a kwaso ɗan abin cikinta mai launin gwaiduwa. Akwai kifi mai hannu takwas, da ciyayi iri-iri, ciki har da miyok da ake yi wa mai jego miya da shi a duk faɗin Koriya. Abalon shi ne mai tsada, shi ne kuma mai wuyar samu.

Bisa bayanin hukumar UNESCO, henyo kan yi aiki har awa bakwai a rana, kimanin kwana 90 a shekara, tana riƙe numfashi wajen minti ɗaya a kowane nutso. Da lissafin wata suke zaɓar ranakun, domin ƙarfin igiyar ruwa na bin tafiyar wata. Idan mace ta taso sama takan fitar da wani sauti mai kama da fito, wanda ake kira sumbisori. Hanya ce ta fitar da gurɓatacciyar iska da sauri a shaƙi sabuwa. Alama ce kuma ga abokan aiki cewa wance na nan da rai.

Matan hawa uku ne. Hagun su ne ƴan koyo da waɗanda ƙarfinsu ya ragu, suna aiki kusa da gaɓa. Junggun na tsakiya. Sanggun su ne gwanaye, masu wuce mita goma, masu sanin inda kowane dutse yake da abin da iska ke shirin yi. Ba shekaru ke ba da wannan matsayi ba, numfashi da iyawa ke ba da shi.

Har zuwa shekarun 1970 da ƴar rigar auduga suke shiga ruwa, ko da dusar ƙanƙara na zuba. Da ɗari ba su iya daɗewa, sai su fito jiki na rawa su nufi bultok, wani zagayen duwatsu da ake hura wuta a tsakiyarsa. A nan ake jin ɗumi, a ba jariri nono, a koya wa yarinya sirrin ruwa, a kuma yanke shawarar gari. Zuwan rigar roba ya ba su damar yin awanni a ruwa. Samu ya ƙaru, amma gajiya da cututtuka ma sun ƙaru.

Numfashin ruwa

Henyo na da wata magana game da sana'arsu: a lahira ake nemo kuɗin, a duniya a kashe. Suna kuma da kalmar mulsum, numfashin ruwa, wato numfashin da mace ke shaƙa a ƙarƙashi bayan nata ya ƙare. Wadda ta shaƙe shi ba ta dawowa. Darasin farko da ake ba ƴar koyo shi ne ta san iyakar numfashinta, ta juyo tun da saura. Babban tarkon shi ne abalon. Idan ba a ɓamɓare shi a bugun farko ba, sai ya manne wa dutse da ƙarfi, wani lokaci ya danne ƙarfen, ga shi kuma igiyar na wuyan hannu. Mace na ganin kuɗi ƙuru-ƙuru, numfashi na ƙarewa. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, a nan kuwa yana iya zama mabuɗin kabari.

Likitoci sun san abin da ke faruwa. A zurfin mita goma, nauyin da ke danne jiki ya ninka na sama sau biyu, kuma wannan dannewar na taimaka wa iskar da ta rage a huhu ta ci gaba da shiga jini. Da mutum ya kama hanyar tasowa sai dannewar ta ragu, iskar da ke kai wa ƙwaƙwalwa ta faɗi farat ɗaya. Shi ya sa masu nutso da yawa ke suma a ƴan mitocin ƙarshe, suna ganin hasken sama. Wani kuskuren kuma shi ne yin numfashi da sauri-sauri kafin a nutse. Yin haka ba ya ƙara wa jini wata iskar kirki, jinkirta jin ƙishin numfashi kawai yake yi, har mutum ya suma bai ji gargaɗi ba. Wannan doka ɗaya ce a Jeju, da kogin Isa a Yamai, da tabkin Madarunfa, da gaɓar Bahar Rum. Saboda haka henyo ba ta shiga ruwa ita kaɗai. Kowace na da abokiyar ruwa da ke sa ido a kan gorarta.

Duk da haka kusan kowace shekara ana rasa wasu, yawanci tsofaffi da zuciya ke tsaya musu a cikin ruwa. Waɗanda suka tsira kuma na fama da ciwon kai, da raunin ji, da ciwon baya da gwiwa saboda nauyin darma. Da yawansu sai sun sha maganin ciwon kai kafin su faɗa ruwa.

Masu bincike sun daɗe da sha'awar jikin waɗannan mata. A shekarun 1960 Suk Ki Hong da Hermann Rahn sun auna yadda matan Koriya masu nutso ke jure sanyin da sauran mutane ba su iyawa. Binciken da ya biyo baya ya nuna juriyar ta dushe bayan zuwan rigar roba. A 2025 mujallar Cell Reports ta buga wani aiki na ayarin Melissa Ilardo ta jami'ar Utah a Amurka, inda aka gwada henyo 30, da matan Jeju 30 da ba su nutso, da mata 31 daga babban yankin ƙasar. An sa su tsoma fuska cikin ruwan sanyi suna riƙe da numfashi. Bugun zuciyar henyo ya fi na sauran sauka, abin da ke tsimin iskar jini, kuma masu binciken sun danganta hakan da horon shekaru. Sun kuma gano wani nau'in ƙwayar halitta mai alaƙa da sauƙin hawan jini a kashi 33 cikin 100 na matan Jeju, alhali kashi 7 ne kawai a matan babban yankin. Suna ganin hakan na iya zama kariya ga matan da, tun kaka da kakanni, ke nutso da juna biyu har kusan ranar haihuwa.

Gonar da ba ta da shinge

Henyo na kiran wurin aikinsu gonar teku, kuma kamar gona suke tafiyar da shi. Kowane ƙauyen gaɓa na da nasa yankin ruwa, a ƙarƙashin ƙungiyar masunta ta ƙauyen. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun kai ɗari a Jeju. Ƙungiya ke cewa yau a shiga, gobe a huta. Akwai watannin da aka hana taɓa sora da abalon don su hayayyafa, akwai kuma girman da in bai kai ba dole a mayar da shi ruwa. Matan kan fito aikin gayya su share gaɓa, su cire ciyayin da ba su da amfani, su zuba ƴaƴan abalon da aka ƙyanƙyashe a kan duwatsu.

Rashin tukunyar iska ba don talauci ba ne, a ƙasar da ke ƙera manyan jiragen ruwa da wayoyin Samsung. Doka ta hana kamu da ita a ruwan ƙauyuka, matan kuma na goyon bayan hanin. Mai tukunya na iya share dutse guda a wuni ɗaya. Mai numfashin minti ɗaya dole ta bar saura, sauran kuma shi ne irin baɗi.

Tsarin na da nasa tausayin. A ƙauyuka da dama ana ware wani wuri marar zurfi da ake kira tekun kaka, inda tsofaffi kaɗai ke da izinin kamu. Idan ƴar koyo ta fito da raga ba komai, gwanaye kan ɗebo daga nasu su zuba mata. A ƙauyen Onpyong, bayan gobara ta cinye makarantar firamare a 1950, matan sun ware wani yanki na ruwa suka sa masa suna tekun makaranta. Shekara da shekaru, duk miyok ɗin da aka yanko a wurin, kuɗinsa na tafiya ne ga ginin azuzuwa.

Yau wannan gona na fuskantar baƙi. Miliyoyin masu yawon buɗe ido ke zuwa Jeju a shekara, wasunsu don nutson nishaɗi. Waɗanda ke zuwa kallon kifi da furannin ruwa a gaɓar Sogwipo ba su cika zama matsala ba. Rigimar ta fi yawa da masu shiga ruwa da dare da fitila suna kwasar sora da kifi mai hannu takwas. Su suna cewa teku na kowa ne, matan na cewa su suka shuka. A wasu ƙauyuka tsofaffin kan yi gadin gaɓa da dare.

Su ma sun yi tafiya biɗa

Ga mai karatu a Tawa ko Damagaram, wannan ɓangaren tarihin ba baƙo ba ne. Tun ƙarshen ƙarni na 19 matan Jeju suka fara fita cin rani. Da sanyi ya wuce sai su hau jirgi ƙungiya-ƙungiya zuwa gaɓar Busan da sauran sassan Koriya, wasu zuwa Japan, wasu Dalian da Cindawo a ƙasar Sin, wasu har Vladivostok a Rasha. Sukan yi wata biyar ko shida, su dawo da kaka. Zuwa shekarun 1930 dubbai ke yin wannan tafiya kowace shekara. Da kuɗin biɗa budurwa ke haɗa kayan aurenta, uwa kuma ta sayi fili. Wahalar ma sananniya ce: dillalan da ke ba da bashin kuɗin jirgi da ruwa mai yawa, da kuɗin shiga ruwan wasu, da raini daga ƴan gari. Wasu ba su koma ba. Har yau akwai zuriyarsu a garuruwan gaɓar Koriya da Japan.

A gida ma ba su tsira ba. Japan ta mulki Koriya daga 1910 zuwa 1945. Ƙungiyar da aka kafa a 1920 don kare haƙƙin henyo ta koma hannun gwamnan tsibirin, ɗan Japan. Aka tilasta musu sayar wa zaɓaɓɓun ƴan kasuwa, ana tauye ma'auni, ana karya farashi. A watan Janairun 1932, ranar kasuwar Sehwa, matan suka fito riƙe da ƙarafan aikinsu suka tare motar gwamnan, suka miƙa masa buƙatunsu. Shugabanninsu, Bu Chun-hwa da Kim Ok-ryeon da Bu Deok-ryang, ƴan mata ne da suka koyi karatu da lissafi a makarantar dare, kuma lissafin ne ya nuna musu yadda ake cutarsu a sikeli. An kama su, an azabtar da su. An ƙiyasta cewa jimillar waɗanda suka fito a tarukan wannan bore ta kai 17,000, kuma ana lissafa shi cikin manyan boren da mata suka jagoranta a zamanin mulkin mallakar Japan.

Bayan tafiyar Japan wani bala'in ya zo. Daga ranar 3 ga Afrilun 1948, tawaye da murƙushe shi sun ci rayuka tsakanin 25,000 da 30,000 bisa rahoton gwamnati, wato kusan ɗaya cikin goma na mutanen tsibirin. Ƙauyuka da yawa sun rasa mazansu. Zawarawa da marayu da abin da aka ciro daga teku suka rayu.

Hamada a ƙarƙashin ruwa

Cibiyar binciken kifi ta gwamnatin Koriya ta Kudu ta ce daga 1968 zuwa 2023 zafin saman tekun ƙasar ya ƙaru da digiri 1.44, kusan ninki biyu na matsakaicin duniya. A kan tudu wannan ba zai zama abin magana ba. Ga ciyawar da ta saba da ruwa mai sanyi kuwa, shi ne bambancin rayuwa da mutuwa. Idan zafin ruwa ya daɗe a sama, manyan ciyayin sai su narke. Wurinsu sai wata gansakuka mai tauri kamar farar ƙasa ta mamaye, ta shafe dutsen. Da farko jaja-jaja take, in ta mutu ta bar shi fari. Wannan shi ake kira getnogum.

Abin da ke biyo baya ya yi kama da abin da makiyayi ya sani. Sora da abalon ciyawa suke ci, in babu ita sai su rame su ragu. Bushiyar teku na iya jure yunwa, kuma duk ɗan tsiron da ya leƙo sai ta cinye shi, kamar awaki a saurar da ta gaji. Ita ma in an fasa ta, cikin ba komai. Masana na ƙara da cewa ruwan da ke fitowa daga gonakin kiwon kifi, da takin zamani da ruwan sama ke wankowa, da gine-ginen bakin gaɓa, duk suna da hannu. Sababbin baƙi daga ruwan zafi ma sun fara bayyana, ciki har da wani ƙaramin kifi mai hannu takwas mai zanen shuɗi, wanda dafinsa ke kisa. Tsohuwar da a da ke cika raga kusa da gaɓa, yanzu sai ta yi nisa, ta ƙara zurfi, a shekarun da jikinta ke neman hutu.

Gwamnati na ƙoƙarin dasa kurmin teku. Ana ɗaura ƴaƴan ciyawa a igiyoyi da tubalan siminti a saukar ƙasa, ana kankare fararen duwatsu, ana rage bushiyar teku. Kamar yadda Nijar ta keɓe 3 ga Agusta don dashen itace, Koriya ta Kudu ta keɓe 10 ga Mayu a matsayin ranar dashen teku, tun daga 2013. Sai dai dashe ba ya sanyaya ruwa, kuma ba duk abin da aka dasa ke kamawa ba.

A ranar 24 ga Agustan 2023 Japan ta fara sakin ruwan da aka tace daga tashar nukiliyar Fukushima zuwa teku. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta ce shirin ya cika ƙa'idojin kare lafiya. Henyo sun yi zanga-zanga a kai, suna cewa su ke wuni cikin ruwan, kuma ko ruwan bai cutar ba, tsoron masu saye kaɗai ya isa ya karya musu kasuwa. Ɗaya daga cikinsu ta je har Janiba ta kai kukansu gaban Majalisar Ɗinkin Duniya.

Suna ya yi nisa, magada sun yi kaɗan

A da ana raina sana'ar, har wasu ƴaƴan na jin kunyar a ce uwarsu henyo ce. Yau abin ya juya. A 2006 aka buɗe musu gidan tarihi a ƙauyen Hado. A ƙarshen 2016, a taron Addis Ababa, UNESCO ta sa al'adarsu cikin jerin kayan gadon ɗan Adam, a zama ɗaya da bikin kamun kifi na Argungu. A 2023 hukumar abinci ta FAO ta amince da tsarin kamunsu a matsayin gadon duniya. A 2024 aka fitar da fim ɗin The Last of the Sea Women na Sue Kim, wanda Malala Yousafzai na cikin masu shirya shi. Hotonsu na kan kofuna da riguna a shagunan tsaraba.

Amma hoto ba ya nutso. Su kansu matan ne suka fara rufe ƙofar. Daga shekarun 1960 noman lemu ya bunƙasa a Jeju, har ana kiran itacen da sunan itacen jami'a, saboda ƴan itatuwa kaɗan na iya biya wa yaro karatu. Yawon buɗe ido ya kawo aikin otel da ofis. Uwar da ta san mulsum ba ta so ƴarta ta san shi, sai ta tura ta makaranta da kuɗin abalon. Burinta ya cika, layin gado kuma ya yanke.

Akwai masu son shiga daga waje. Makarantar Hansupul da ta fara ɗaukar ɗalibai a 2008 na koyar da nutso, kuma wasu matasan mata sun bar aikin ofis a birane sun koma gaɓa, suna nuna rayuwarsu a YouTube da Instagram. Hukumar lardi na ba da rigar roba, da kula da lafiya, da alawus ga tsofaffi, da tallafi ga sababbi. Sai dai takardar makaranta ba ta isa ba. Dole mace ta zauna a ƙauyen, ta biya kuɗin shiga ƙungiya, tsofaffin kuma su yarda da ita. Ba kullum suke yarda ba, kuma dalilinsu a fili yake: abin da ke cikin ruwan ya ragu, ƙarin hannu na nufin ragin rabo. Wadda ta samu shiga ma, da wuya kamu kaɗai ya riƙe ta, sai ta haɗa da aikin gonar lemu ko gidan abinci.

Abin da ke tafiya da kowace tsohuwa ba a rubuce yake ba: sunan kowane dutse a ruwan ƙauyenta, ramin da kifi mai hannu takwas ke komawa, inda igiyar ruwa ke juyawa ranar takwas ga wata. Masu binciken teku sun fara zama da su suna naɗar wannan sani, domin su ne suka fi kowa daɗewa suna kallon waɗannan duwatsu, kuma su suka fara ba da labarin farinsu. A 2022 henyo 3,226 ke aiki a Jeju. Cikin shekara guda aka samu ragin 387, yawanci saboda ritaya da rasuwa, alhali sababbin da ke shiga a shekara ba su wuce ƴan gomiya ba.